Kod ɗin da ya ƙi sauka

Mu da muka koyi fiyano a situdiyoyin Kano lokacin da waƙoƙin fim ke tashe, yatsu uku muka sani. Ka danna C, E, G, Yamaha ta cika maka sauran da ganga da bes, mawaƙi ya shiga. Babu mai tambayar abin da kowane yatsa ke yi a wurin.

Wani dattijo daga Jos, wanda ya daɗe yana kiɗa a coci da wuraren biki, shi ya fara ce mini, "Ɗana, ɗaga yatsan tsakiyar nan, ka matsar da shi gaba kaɗan." Na bar E na danna F. Sai sautin ya tsaya cak, ba fara'a ba alhini. A cikin kod, sauti na uku ne ke nuna ko mejo ne ko maino. Idan ka cire shi ka sa na huɗu a gurbinsa, ka sami abin da ake rubutawa sus4, ratayayyen kod. Idan na biyu ka sa, sus2 ke nan. Baba ya ce asalin abin daga waƙoƙin cocin Turai ne na ɗaruruwan shekaru, inda murya ɗaya ke riƙe sautinta bayan sauran sun wuce, sannan ta sauko taki ɗaya kunne ya huta. Haka na yi ta amfani da shi: rataya, sauka, rataya, sauka.

Abin da ya sauya mini hannu shi ne faɗaɗa shi. Baba bai ɗora mini lissafi ba. Cewa ya yi in riƙe G da hagu, in danna F, A, C da dama. Daga baya na fahimci cewa F ce ta bakwai, A ta tara, C kuma ta huɗun da ke rataye, wato G9sus4, wanda wasu ke rubutawa F/G. Ka ƙara D, ya zama Dm7 a kan G. Ka ɗora E a sama, ka kai na goma sha uku, sautin ya buɗe kamar an yaye labule a ɗaki. Duk sirrin dai bai wuce wannan ba: sauka taki ɗaya cikakke daga sautin bes, ka gina kod ɗin mejo a nan. Idan kana son duhu, mayar da A ta zama A-flat.

A gidansa da ke Jos na fara jin Maiden Voyage na Herbie Hancock, wanda kamfanin Blue Note ya naɗa a 1965. Na yi ta jiran saukar, ba ta zo ba. Kiɗan ya zauna a kan ratayayyen D, ya koma ratayayyen F, kowanne ya shimfiɗa ƙafa abinsa. Ashe ana iya zama a kansa. McCoy Tyner, makaɗin fiyano na John Coltrane daga 1960 zuwa 1965, shi kuma jera sautuka yake yi da tazarar huɗu-huɗu, irin G, C, F, hagunsa na dukan bes da ƙarfi.

Da na komo Kano na gano dalilin da ya sa abin ya kwanta mini. Cikakkun sautukan G9sus4, har da D ɗin nan, su ne G, A, C, D, F, biyar cif, kuma yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan irin wannan tsani mai sauti biyar suke tafiya. Sau da yawa sauti na ukun nan ne ke karo da muryar mawaƙi, musamman masu karin goge ko kukuma. Ka cire shi, murya ta sami fili.

Ba kowa ya so ba. Wani mai shirya waƙa ya taɓa ce mini, "Malam, kiɗan nan naka bai san hanyar gida ba." Yana da gaskiyarsa. Ratayayyen kod daga farko har ƙarshen waƙar biki yana kashe rawa, domin ƙafa na son jin inda aka sauka. Inda ya fi amfani a wurina shi ne gab da amshi: F/G na tsawon bugu huɗu, sannan C.

Mai koyo, ka gwada F/G ɗin nan a dukkan maɓallai goma sha biyu, kuma ka kashe kiɗan da na'urar ke bi maka da kanta, ka ji shi da kunnenka tukuna.