Baƙon da Ba Ya Sallama

Bismillahir Rahmanir Rahim.



'Yan uwana matasa, a nan Bagwai, kamar sauran garuruwan ƙasar Kano, babu baligin da zai ratsa zauren mutum ya faɗa tsakar gida ba tare da sallama ba. Ko aminin maigida ne sai ya tsaya a soro, ya aiki yaro a yi masa iso. Tarbiyya ce da muka tashi da ita, kuma hukuncinta yana nan a Suratun Nur. Amma a shekarun nan mun yi wani baƙo da bai san zaure ba. Kana zaune a ɗakinka kana karatu a kwamfuta, sai kawai wani ɗan akwati ya faɗo a gefen allo: wai ka ci kyautar waya, ko wai kwamfutarka ta kamu da ƙwayoyin cuta, ko wai ana rabon tallafi ka hanzarta shigar da lambar BVN. Wani lokaci tallar caca ce, wani lokaci kuma hoton da ba za ka so ƙanwarka ta gani ba. Shi ne abin da Turawa ke kira pop-up.

Wanda yake birni yana iya ɗaukar abin a matsayin ɗan damu kawai. A wurinmu ya wuce haka. Kwamfuta ɗaya ce a gida, in ma akwai. Ita ɗalibi ke bitar jarrabawa da ita, ita malami ke buga sakamakon ɗalibai, ita yara ke kewayewa da dare. Cajinta da sola ne ko a shago, datarta kuwa daga waya ake jonawa, da kuɗin da wataƙila daga cinikin albasa ko tumatirin rani na Watari aka tsakuro su. Kowane hoto da ya faɗo, kai ka biya kuɗin zuwansa.

Abin yana da tarihi. Wani Ba'amurke mai suna Ethan Zuckerman, sa'ad da yake aiki a kamfanin Tripod a ƙarshen shekarun 1990, shi ya rubuta umarnin da ke buɗe talla a wata taga ta daban. Dalilin kuwa, wani kamfanin motoci ne ya fusata da ya ga tallarsa a kan shafin batsa, sai aka nemi hanyar raba talla da shafi. Dubi ikon Allah: abin da aka ƙirƙiro don nisanta talla da alfasha, shi ya zama jakin da ke kawo alfasha har ɗaki. A shekarar 2014 mutumin ya fito a mujallar The Atlantic ya nemi afuwar jama'a.

Waɗanda suka riski zamanin shagunan intanet na Kano za su tuna wani nau'in da ya fi wannan rashin kunya. A tsakanin 2002 da 2003, masu talla sun gano wata kafa a Windows 2000 da Windows XP mai suna Messenger Service, wadda aka yi don mai kula da kwamfutocin ofis ya riƙa aika wa ma'aikata sanarwa. Ta nan suka riƙa jefo saƙo a cikin akwati mai ruwan toka, ko da mutum bai buɗe shafin kowa ba. Wannan kam haure katanga ne. Kamfanin Microsoft ya toshe kafar a watan Agusta na 2004 da gyaran da ya kira Service Pack 2, ya kuma sa wa manhajar Internet Explorer abin tare tagogin talla.

Na yau ba ya haure katanga. Ta ƙofa yake shigowa, kuma wani daga cikin mutanen gida ne ya buɗe masa ba tare da ya sani ba. Tun 2015 manhajar Chrome ta bai wa gidajen yanar sadarwa damar aiko wa mutum sanarwa ko bayan ya bar shafinsu, da sharaɗin sai ya yarda. Shi ne ɗan akwatin da ke bayyana a sama, da kalmomi biyu: Allow da Block. Na farko izini ne, na biyu hani. Mayaudara suka ga banza ta faɗi. Sai su rubuta maka cewa matsa Allow don a tabbatar kai mutum ne, ko don fim ya fara, ko don littafin da kake nema ya sauko. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar wannan izinin. Da ka matsa, ka miƙa musu mabuɗin zaure, kuma za su ci gaba da aike har ranar da ka karɓe shi.

Na ga yadda rashin sanin wannan ya kusa raba uba da ɗansa. Da kakar 2024 wani dattijo maƙwabcinmu ya tare ni bayan la'asar. Ya sayar da wani abu daga amfanin gonarsa ya saya wa ɗansa kwamfutar cinya ta hannu, saboda jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Ran nan yana sauraron tafsiri a cikinta sai ga hoton tsiraici ya faɗo a gefe. Ya rufe ta, ya kulle a akwati, ya yi kusan mako biyu ba ya amsa gaisuwar yaron da sakin fuska.

Ya ce da ni, "Ɗana, kai ka san kan abin nan. Ka duba mini, in yaron nan ya lalace ne in sani."

Na buɗe jerin gidajen da aka bai wa izini a gabansa. Sun haura goma. Muka bi tarihin shafukan da aka ziyarta: na tsofaffin tambayoyin jarrabawa ne, sai na kallon ƙwallo kyauta. Na ce, "Baba, ni ba zan rantse a kan zuciyar kowa ba. Amma wannan hoton ba shaida ba ne. Ko ku ne kuka matsa maɓallin nan garin neman karatu, abin da za a aiko muku ke nan." Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ƙwalla wa yaron kira, ya ce ya zauna ya ga yadda ake gyarawa.

Na tsaya a kan wannan ne domin na san gidaje da yawa da ake yanke hukunci a kan abin da allo ya nuna. Masu aiko waɗannan hotuna ba su san wanda ke zaune gaban kwamfutar ba, kuma ba ruwansu. Dattijo da yaro, malami da ɗalibi, duk abu ɗaya suke jefa musu. Uba yana da haƙƙin sa ido a kan ɗansa, ban musa ba. Amma a fara bincike kafin zargi.

Gyaran ba ya cin minti goma. A Chrome, matsa ɗigo ukun da ke saman dama, ka shiga Settings, sannan Privacy and security, sannan Site settings, sannan Notifications. Can ƙasa za ka ga jerin waɗanda aka yarje wa aiko sanarwa. Duk sunan da ba ka sani ba, matsa ɗigon da ke gabansa ka zaɓi Block. Kada ka zaɓi Remove, domin wannan share sunan kawai yake yi, gobe in an koma shafin zai sake roƙo, wani ya sake yarda. Daga nan ka hau sama ka zaɓi layin da ke hana kowane gida neman izinin tun farko. A Firefox da Edge ma akwai irin wannan jeri a sashen izini na Settings. Kafin ka fita, leƙa Pop-ups and redirects ka tabbatar a rufe yake.

Wanda ya fi tsoratar da mutane shi ne shafin da ke cika allo da jan rubutu, wani lokaci har da ƙara, yana cewa an kama kwamfutarka da cuta, kira wannan lamba ko sauko da wannan magani. Ka kwantar da hankalinka. Shafin yanar sadarwa ba shi da ikon binciken abin da ke cikin kwamfutarka, kuma gargaɗin gaskiya na Windows ba ya zuwa da lambar waya. Kada ka taɓa komai a jikinsa, har alamar rufewar da ya zana, don sau da yawa ita ma tarko ce. Danna Alt da F4 tare. In ya ƙi, danna Ctrl da Shift da Esc, ka kashe manhajar daga Task Manager. Da ka sake buɗewa za ta tambaye ka ko ta dawo da shafukan baya; ka ce a'a.

In ka yi duk wannan abin bai daina ba, to baƙon ya riga ya shimfiɗa tabarma a ciki. Galibi yana biyo manhajar sata ne, irin wadda ake loda wa kwamfutocin hannu kafin a sayar, ko wadda ake yawo da ita a filashi daga gida zuwa gida. Duba Extensions ka cire abin da ba kai ka sa ba. Shiga Control Panel, ka jera manhajoji bisa ranar da aka girka su, ka kori baƙin suna. Sannan ka sa Microsoft Defender ya bincike ta gaba ɗaya; akwai kuma AdwCleaner ta kamfanin Malwarebytes, kyauta ce, amma daga gidansu kaɗai za ka ɗauko, don akwai jabunta.

Dole kuma in faɗi wata magana mai ɗaci. Yawancin kwamfutocin da na gani tsakanin Bagwai da Bichi tsofaffi ne. An daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro a ranar 14 ga Janairun 2020, Chrome ta daina sabunta kanta a kansa a farkon 2023, Windows 10 ma wa'adinsa na gama-gari ya cika a 14 ga Oktoban 2025. Ban ce ka jefar da taka ba, na san yadda aka yi aka same ta. Amma kada ka shigar da lambar katin banki ko BVN a irin wannan kwamfutar. Ka buɗe wa yara asusunsu daban, wanda ba na Administrator ba, ta yadda ba za su iya girka manhaja a kan kwamfutar baki ɗaya ba sai da kalmar sirrinka.

Af, tun da an zo nan: saƙonnin talla na tes da ke damun wayarka hanyarsu daban ce. Hukumar NCC ta fito da lambar 2442 a 2016. Ka rubuta STOP ka aika mata. Wayar Android kuwa, in sanarwar shafuka ce ke faɗo mata, matakan Chrome ɗin kusan irin waɗannan ne.

Wani zai ce, in na hana kowa, yaya zan san an aiko mini saƙo a Gmail ko WhatsApp na kwamfuta? A wannan shafin na Notifications, kusa da jerin waɗanda aka yarje wa, akwai maɓallin Add. Ka rubuta adireshin gidan da ka amince da shi da hannunka. A tawa kwamfutar biyu ne kacal a jerin.