Tabar da Ba Ta Wari

A da, mai shan taba ba ya ɓuya. Ko ya tauna goro, ko ya tsotsi minti, warin hayaƙi na nan maƙale a rigarsa. Lokacin da nake sakandare a Kafanchan, malami kan gane mashayi tun daga bakin ƙofar aji, uwa kuma ta gane shi ranar wanki.

Yanzu kuwa lamarin ya sake salo. Da na koma garin don koyon aikin koyarwa, na karɓe wani abu mai kama da biro a hannun wani ɗan aji huɗu, sai ƙamshin mangwaro yake yi. Sigarin lantarki ne. Ba ya ƙona ganye, batir ne ke dumama wani ruwa ya zama tururi a zuƙa. Yaron ya ce mini, "Malam, ai wannan ba taba ba ce, ƙamshi ne kawai." Alhali galibin irin wannan ruwa na ɗauke da nikotin, sinadarin da ke hana mashayi rabuwa da taba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa, ita kuwa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25.

Ba doka muka rasa ba. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Amma duk wanda ya zaga tashar mota ya san mai tebur ba ya tambayar shekarun kowa. Wani lokaci ma babba ne ke aiken yaro ya sayo masa.

Abin da ya fi damuna, ya kai mai karatu, shi ne iyaye. Daga Kagoro zuwa Zonkwa da Kwoi, Hausa ce ke haɗa Bajju da Atyap da Ham a kasuwa, amma iyaye da dama ba su san sunan wannan abu da Hausa ba, balle su gane shi a jakar ɗansu. Abin da uwa ba ta san sunansa ba, ta yaya za ta tsawata a kansa?

Nan aikinmu yake, mu ɗaliban harshe. Mu kira shi taba, mu bayyana siffarsa a rediyo, a coci da masallaci, da taron iyaye da malamai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.