Kuɗin Adashi Ɗaya, Kyamara Biyu

Duk wadda ta yi biki ko suna a nan Sabo cikin shekaru tara da suka wuce, da wuya a ce ba ta gan ni ba, rataye da baƙar jaka, ina kutsawa tsakanin mata ina cewa a ɗan matsa mini in ga amarya. Sana'ar gado ce. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ta tun zamanin fim, lokacin da sai an kai wanki a jira kwanaki kafin a san ko hoto ya yi. Abin da ya sa nake samun aiki kuwa ba wai na fi mazan iyawa ba ne. Su iyakarsu ƙofar gida, ni kuwa har ƙuryar ɗaki nake shiga, inda ake lalle da kamu, inda tsofaffi ke cire mayafi su sake.

To, a daminar da ta wuce na yi ɓarna da hannuna. Ina sauka daga okada wajen Mokola, ruwa na tsuga, ina ƙoƙarin kare kaina da leda, igiyar kyamarar ta zame daga kafaɗata. A bakin kwata ta faɗi. Canon 600D ce, irin wadda ta fito a 2011, na saye ta ta hannu, ta kuma yi mini aikin da ba zan iya biyanta ba. Mai gyara a Dugbe ya buɗe, ya girgiza kai, ya ce madubin ciki da abin da ke ɗaga shi sun tafi, kuɗin gyaran ya kusa kuɗin wata. Sa'a ɗaya na yi: gilashin Baba yana cikin jaka a ranar, ba shi ne a jikinta ba.

Bari in yi bayanin gilashin nan, don shi ne ya hana ni barci daga baya. Gilashin gaban kyamara ne, wanda mu masu sana'a ke kira lenz, mai lamba 50, na roba, marar nauyi. Baba ya saye shi don kyamararsa ta fim. Da yake Canon ba su canza bakin kyamarorinsu masu madubi ba tun 1987, da na sayi tawa sai kawai na murɗa shi ya zauna. Rabin hotunan amaren da ke rataye a falukan unguwar nan da shi aka ɗauka, wasu uwa da 'yarta duk ta cikinsa suka bi.

A lokacin ina da biki uku a gaba, biyu na riga na karɓi kafin alƙalami na kashe. Kwasar adashina ta zo, ita ce kuma kaɗai kuɗin da nake da shi, wadda tun farko na yi niyyar in biya wa yara makaranta da ita in gyara rufin ɗaki. Mu 'yan Sabo ba sai an yi mana bayanin dala ba, a bakin titinmu ake canjinta. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, har dala ta haura 1,500 a 2024, kayan aikinmu suka zama sai dai kallo. Don haka sayen nan sau ɗaya ne. In na yi kuskure, babu kuɗin gyara kuskuren.

Kowa na tambaya sai ya ce in bar masu madubi, zamaninsu ya wuce. A tsohuwar kyamara akwai ɗan madubi da ke tura haske zuwa idonki, in kin danna sai ya ɗaga, shi ne ƙarar nan ta ƙwas da kuke ji. Sababbin babu shi. Haske yana faɗawa kai tsaye a kan sensa, abin da kike gani a fuskar kyamara shi ne hoton da zai fito. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗaukar baƙar fata cikin farar shadda. Da, sai na ɗauka in duba, in ga ko dai fuskar ta yi duhu ko shaddar ta ƙone ta zama fara fat babu zane, in sake. Yanzu tun kafin ki danna kin gani. Illarsu cin batir, don fuskar a kunne take kullum.

Kuɗina ya tsaya a kan biyu: Sony a6400 tokumbo, ko Canon R50 sabuwa a kwali.

Ƙanena, wanda ke haɗa wa mutane bidiyo, shi ɗan Sony ne na gani kashe ni. Ya zauna ya jero mini. Ta fito tun 2019, ya ce, amma har yau in ta kama idon mutum ba ta saki, ko yana rawa. Jikinta ƙarfe ne, an kuma yi mata 'yar kariya daga ƙura da danshi, abin da R50 ba ta da shi. Ya ce, "Yaya, ke da ruwa ya kashe wa kyamara, ai bai kamata a tsaya yi miki wa'azi a kan wannan ba." Na ce ba ruwa ba ne, faɗuwa ce. Ya ce duk ɗaya. Babbar hujjarsa ita ce gilasai. Sony sun daɗe da barin wasu kamfanoni irin su Sigma da Tamron su yi gilashin da zai hau kyamararsu, saboda haka na hannu sun cika kasuwa, da sauƙin kuɗi. Canon kuwa sai a 2024 suka buɗe wannan ƙofar ga ƙananan kyamarorinsu marasa madubi. Gaskiya ya faɗa, ban da abin musu.

Amma zuwa da kai ya fi aike. Na hau mota a Iwo Road, na sauka wajen Gwaggo a Agege, washegari na shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja da gilashin Baba da tsohuwar filashata a jaka.

A takarda kusan ɗaya suke. Duka megafiksel 24 ne, duka ba su da abin hana girgiza a cikin jikinsu, duka ramin memori ɗaya gare su, wanda ke nufin in katin ya lalace bikin mutane ya tafi. A hannu ne suka rabu. Sony ta fi zama daram, kin san kin riƙe abu. Canon ɗin kamar abin wasan yara, har na tambayi mai shagon ko da batir a ciki. Sai dai da na kunna ta, yatsuna suka san hanya. Ban nemi komai ba. A ta Sony kuwa na yi ta yawo cikin jerin rubutu ina neman inda ake gyara launin haske, mai shagon na kallona. Na san mutum yana sabawa. Amma bikin farko saura kwana goma sha ɗaya, kuma ɗakin amarya ba wurin koyo ba ne. Kuka sau ɗaya ake yinsa, in uwar ta rungume 'yarta kina can kina latse-latse, shi ke nan.

Sai maganar fuskar kyamara. Ta Sony sama da ƙasa kawai take lanƙwasawa. Ta Canon tana buɗewa gefe ta juya duk inda kike so. Da ban ɗauke shi komai ba, sai na tuna yanzu kusan duk hoton da ake nema a tsaye ne, na sawa a WhatsApp, kuma sau da yawa ina durƙushe a ƙasa ne tsakanin ƙafafun mutane, ko na ɗaga hannu sama da ɗaurin ɗankwalin wata Hajiya.

Na fara karkata, sai na ciro filashata na ɗora wa Canon ɗin. Na danna, shiru. Na sake, shiru. Ashe R50 ba ta da ƙarfen tsakiyar nan da tsofaffin filasha ke taɓawa, sai an sayi wata 'yar adafta. Gilashin Baba ma sai da tasa adaftar, don bakin sababbin daban ne. Adafta biyu ke nan a kan kuɗin da na riga na ƙirga har sau uku. Kuma kun san ɗakunanmu, taga ɗaya, wuta in an kawo an kawo. Ba filasha, ba aiki. Raina ya ɓaci. Na ce wa mai shagon zan dawo, ya ce kowa haka yake cewa.

Daren nan a Agege na baje lissafi a kan tabarma. In na ɗauki Sony, dole in sayi gilashin fuska da sabuwar filasha, gilashin Baba ya koma cikin akwati. Ita kanta kyamarar ban san hannun da ta fito ba, ban san dubu nawa aka danna ta ba, garantin shago kuma na 'yan kwanaki ne. In na ɗauki Canon, ga adafta biyu, ga tsoron damina, amma sabuwa ce, kuma kayana duka za su yi aiki. Da na tara, bambancin kuɗin bai kai yadda na zata ba.

Gwaggo tana gefe tana jan carbi, ta gaji da ni. Ta ce, "Ke, wai duk a kan abin hoton nan ne?" Na ce mata shi ne. Ta miƙo hannu na ba ta gilashin, ta juya shi, ta ce ta gane shi. Ta ce ranar da ya sayo shi a Legas a gidanta ya kwana, ya hana kowa taɓawa, da safe ya sa ta zauna a bakin ƙofa ya gwada shi a kanta. Hoton yana nan a cikin kwalla, ta ce, in ban yarda ba.

Ba zan ce muku wannan ne ya yanke hukunci ba, don ƙanena zai karanta, kuma ya riga ya ce da zuciya na yi ciniki ba da kai ba. Ni dai na san lissafina ya riga ya kai ni bakin ƙofa. Canon na saya, da adafta biyu da ƙarin batir biyu. Kuɗin mota na dawowa Gwaggo ce ta cika mini.

An yi bukukuwan uku lafiya. Akwai abin da ya fi gaskiya a bakin ƙanena: yanzu ko hadari na gani sai in naɗe ta a leda biyu, kuma har yau ban iya sayen gilashi mai faɗi na kirki ba, don haka a ƙaramin ɗaki sai na manne da bango kafin mutum huɗu su shiga hoto. Rufin ɗakin ma yana nan yana yoyo, sai kwasa ta gaba. Amma a biki na biyu, kakar amarya, wadda ta shekara tana korata in na nufo ta da kyamara, tana zaune tana shafa kan jikarta. Na kashe ƙarar kyamarar gaba ɗaya, na buɗe fuskar gefe, na ajiye ta a cinyata kamar ina duba wani abu. Ba ta san an ɗauka ba sai da na kai musu hotunan. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a wanke mata babba, amma kada in kuskura in sa ta a waya.