Motar da Ƙashinta Ya Lanƙwashe

Mota tana da ƙashi kamar yadda ɗan adam yake da shi. Makanikai suna ce da shi shasi. Shi ne ƙarfen da yake ɗauke da inji da giya da ƙafafu huɗu, har da mu da muke zaune a ciki. Mai saye ba ya ganinsa, gama yana can ƙarƙashi inda laka da baƙin mai suka rufe shi. Abin da ido yake gani shi ne fenti da kujeru da rediyo. Yawancinmu kuwa, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ƙananan 'yan kasuwa, ba mu da ƙarfin sayen sabuwar mota. Ta hannu muke saye, wadda ake kira tokumbo ko Beljiyam, ko kuwa wadda wani ya riga ya mora a nan gida. Don haka maganar shasi ta shafe mu ƙwarai.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli ta fitar da rahoto a 2020. Ta ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 kuwa Afirka aka kawo su. Akwai masu lafiya da yawa a ciki. Amma akwai kuma waɗanda suka yi haɗari a can. A Amurka, idan kuɗin gyara ya kusa kai darajar motar, kamfanin inshora yakan biya mai ita, ya karɓe ta, ya sayar a wurin gwanjo. 'Yan kasuwa su saya da araha, su ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Legas. A dā da yawa ta Kwatano suke shigowa, sai gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Idan ta iso sai a buge lotsa, a sa sababbin fitilu, a fesa fenti. Wani gyaran na kirki ne. Wani kuwa kwalliya ce kawai aka yi wa gurguwa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san shasi iri biyu ne. Manyan motoci da akori-kura irin su Hilux suna da dogayen ƙarafa biyu masu kauri, an haɗa su kamar tsani, sa'an nan aka ɗora bodi a kai aka ɗaure da kusoshi. Ƙananan motoci na gida kuwa, irin su Corolla da Golf da Sharan, ba su da wannan tsani. Jikin motar duka, da daɓe da ginshiƙan ƙofa da rufi, an haɗe shi da walda ya zama abu guda, shi ne ƙashin. Ta farko ana iya ɗage bodinta a duba tsanin shi kaɗai. Ta biyu idan ta bugu a goshi, wani lokaci sai ka ga alamar a rufi.

Mu dai shekara uku muka yi muna zuba adashe da uwargida, muna nufin sayen motar da za ta kai yara makaranta, ta kuma kai mu ƙauye lokacin hutu. Da kuɗi suka taru aka nuna mana wata Corolla ƙirar 2006, ruwan toka, tana ƙyalli. Kuɗinta bai kai na 'yan'uwanta ba, dillalin kuwa ya ce mai ita yana da bukata ta gaggawa. Yara sun riga sun zaɓi wurin zamansu a ciki. Muka ce sai mun kai ta wurin wani dattijo bakanike da ya koyi aiki tun zamanin da ake harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna. Dillali bai so ba, amma ya yarda.

Dattijon bai buɗe bonet ba tukuna. Ya ce da yaronsa ya kawo bokitin ruwa, ya zuba a ƙasa inda siminti yake a shimfiɗe, ya sa aka tuƙa motar a hankali ta bi ta cikin ruwan, sitiyari a miƙe. Muka tsaya a baya muna kallon sawu. Mota mai lafiya, ƙafar baya takan bi sawun ta gaba, ko kuwa ta kauce daidai wa daida a dama da hagu. Wannan kuwa a gefe guda sawun baya ya fita waje, a ɗayan ya shiga ciki. Ya ce, "Malam, ka ga tafiyar kare ke nan. Kai yana nan, gindi yana can."

Sa'an nan ya ɗauko tef na awo. Ya auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Irin wannan Corolla tsakaninsu mita 2 ne da santimita 60. Hagu ta cika. Dama ta gaza da wajen santimita 2. Aka ɗaga motar, ya shiga ƙasa, ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, daga wani rami na ma'aikata a gaba hagu zuwa takwaransa a baya dama, ya kuma juya. Nan muka yi murmushi, gama abin da muke koya wa 'yan aji biyar ke nan a darasin lissafi, cewa murabba'i mai dari idan yana daidai, layukan gicciyensa biyu tsawonsu ɗaya ne. Magina ma haka suke yi da igiya in za su kafa harsashin ɗaki. Awon biyu bai zo ɗaya ba. Masu wannan sana'a a ƙasashen da ake ƙera motocin ba su cika yarda da bambancin da ya wuce milimita 3 ba, wato kaurin kwali.

Sauran alamu kowa yana iya dubawa ko bai san makanikanci ba. Ratar da ke tsakanin ƙofa da jiki, ko tsakanin bonet da fikafikan gaba, ta zama ɗaya a dama da hagu. Ƙofa ta rufu ba sai an ɗaga ta ba. A shafa taya da hannu a ji ko gefe guda ya cinye ya bar ɗayan, ko da yake dillalai sukan sa wasu tayoyi kafin su kawo mota kasuwa. A ɗaga shimfiɗar but a duba ko ƙarfen ya yi tamoji. Uwargida ta ciro ɗan maganaɗisun da ke manne a ƙofar firji ta zo da shi, gama ba ya kama inda aka cike lotsa da kwaɓin masu fenti. A ƙofofi ya kama. A fiffiken dama ya zame ya faɗi. Akwai kuma lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda aka daidaita tun 1981, tana ƙasan gilashin gaba wajen direba. In motar daga Amurka ta fito, wani yaro mai waya zai iya neman tarihinta a intanet da wannan lamba, wani lokaci har da hotonta a filin gwanjo.

Muka tambayi dattijon, "Baba, ba za a iya miƙe ta ba? Ai mun ga ana ɗaure mota da sarƙa a jikin bishiya ana ja."

Bai amsa nan da nan ba. Ya ɗauki gwangwanin madara, ya danna shi kaɗan da yatsa, ya tura daga ciki, ya koma yadda yake. Ya sāke murƙushe shi har ya yi kaifin ninki, ya miƙe shi, ya ba mu. Muna taɓawa ya sāke ninkewa a daidai wurin. Ya ce ƙarfe in ya karkata kawai, ana komar da shi. In ya ninke ya yi kaifi, ƙarfinsa ya tafi, sai a yanke wannan yanki a sa wani. Ya haska mana tocila a ƙarfen da ke riƙe da inji ta dama. Ga ninkin nan, an gasa shi da wuta an ja, an shafe da baƙin fenti.

Maganar wutar nan ita ta fi damunmu, domin ita ce aka fi yi a garejojinmu. Ƙarfen tsofaffin motoci mai taushi ne, yana da haƙuri. Na motocin yanzu siriri ne amma an ƙarfafa shi a ma'aikata, masu ƙera su kuma sun hana a gasa shi. In mai walda ya sa masa wuta har ya yi ja, zai miƙe da sauƙi, ido ya ga ya yi kyau, amma ba ƙarfen jiya ba ne. Ga shi kuma da gangan aka ƙera goshin mota don ya murƙushe a lokacin karo, ya shanye bugun kafin ya kai ga mutane. Wani injiniyan kamfanin Mercedes mai suna Béla Barényi ne ya fito da wannan dabara, aka fara sayar da mota mai ita a 1959. Goshin da ya riga ya murƙushe sau ɗaya ya yi aikinsa ya gama. A karo na biyu, a hanyar Akwanga ko ta Saminaka, ba zai tare kome ba, bugun sai ya iso ƙafafun wanda ke zaune a gaba. Wannan ya fi cinye taya da shan mai nauyi nesa, ko da yake su ma za su ci aljihu, domin ba alaimen ɗin da zai daidaita ƙafafun da mazauninsu ya goce.

Muka mayar wa dillali motarsa. Ya rage kuɗi sau biyu a tsaye. Ba mu ce ba mu ji kwaɗayi ba, gama ragin ya isa kuɗin makarantar yaro na zango guda. Yara suka yi kwana biyu suna kumbure-kumbure. Muka ci gaba da hawa babur wata biyar kafin mu sami wata, wadda fentinta ya koɗe amma awonta ya cika.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk motar da shasinta ya lanƙwashe sai a kai ta wurin 'yan gwangwan. Surukinmu yana da tsohuwar Hilux da yake kai masara kasuwa. Irin wannan mota nauyin da aka yi ta dominsa wajen tan guda ne, wato buhu 10 na kilo 100. Direbobi kuwa sukan ɗora ninkin haka. Wata rana ta faɗa rami da kaya, bayanta ya sunkuya, har ratar da ke tsakanin kai da akwatin kaya ta buɗe daga sama. Da ya tsufa ya bar mana kula da ita, muka kai ta wurin dattijon nan. Ya sauke akwatin, ya wanke tsanin, ya bi shi da guduma yana ƙwanƙwasawa don ya ji ko tsatsa ta cinye shi daga ciki. Ƙarfen yana amsawa da kyau, ba ninki, ba tsaga, karkata ce kawai. Ya ɗaure shi da sarƙa a ƙasa, ya sa jak biyu yana turawa kaɗan kaɗan ba wuta, yana awo bayan kowane turi. Kwana uku ya yi. Sa'an nan ya ƙara faranti na ƙarfe a gefen tsanin dama da hagu. Ya ce ba a jan walda a gicciye ta saman shasi ko ta ƙasansa, gama nan ne nauyi yake ja, nan kuma tsaga take farawa.

A manyan garuruwa akwai garejin da suke da teburin ja, inda ake kafe mota a ja ta da ƙarfin mai, a auna da na'ura. Ƙaramar mota in za a gyara ƙashinta, can ya kamata a kai ta, ba gindin mangwaro ba. Kuɗin yana da yawa, shi ya sa sai a zauna da fensir a lissafa tukuna. In gyaran kirki ya kusa kai kuɗin motar, gara a sayar da inji da giya da ƙofofi daban daban a ɗauki asarar.

Wata magana ta taso a gida a kan Hilux ɗin. Wani ɗan'uwa ya ce tun da ta miƙe, a fesa mata fenti a sayar da sauri kafin kowa ya sani. Mun yi ta juya maganar da dare. Mun tuna yadda muka ji sa'ad da tocila ta haska baƙin fentin nan a ƙarƙashin Corolla, muka kuma san cewa wanda zai sayi akori-kura a yankinmu ranar kasuwa mutane zai ɗauka a baya, mata da goyo a kan buhuna. Muka ƙi. Muka roƙi dattijon ya faɗa mana abin da ya yi, muka rubuta a takarda da kwanan wata da awon kafin gyara da na bayansa, muka sa cikin jakar takardun motar tare da lasin da inshora. Duk wanda ya zo taya ta, takardar zai fara gani. Mutum biyu sun karanta sun tafi. Har yanzu tana wurinmu, an rubuta "buhu 10" da jan fenti a ƙofar akwatin saboda direba, tayoyin baya kuma sun yi damina biyu suna cinyewa daidai.