Onabolu, Okeke da Akolo: Wane ne ya zana zamani?

Mu da iyayenmu suka taso daga Kano da Katsina suka zauna a nan Yara, ba kasafai muke maganar zanen fenti ba, wasunmu ma gani suke yi aikin Turawa ne ko na mutanen Kudu. Alhali kuwa wani ɓangare na tarihin wannan sana'a a ƙofar gidanmu ya faru.

Mai zane Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882, shi ake ɗauka a matsayin uban zanen zamani a Najeriya. A wurinsa zamani shi ne baƙar fata ya zana fuskar mutum tsaf, da inuwa da haske da zurfi, yadda Bature ba zai sami abin kushewa ba. Hoton da ya yi wa Misis Spencer Savage a 1906 irin wannan ne. Ni dai ba na raina shi, domin a lokacin ana cewa ɗan Afirka ba zai iya ba, shi kuma ya nuna an yi ƙarya. Sai dai in ka cire sunansa, da wuya ka ce daga wace ƙasa aka yi aikin.

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Okeke ɗan Ibo ne amma a Kafanchan ya tashi, wato ɗan ci-rani ne kamarmu. Shi ya ce a ɗauki kayan aikin Bature a haɗa da gadon gida, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. A hotonsa Ana Mmuo na 1961 babu inuwa, babu zurfi, sai layuka baƙaƙe suna yawo a kan launi mai zafi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Jimo Akolo, mutumin Egbe, wanda ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Keffi ƙarƙashin malami Dennis Duerden kafin ya wuce Zariya. Shi bai yarda a ɗaure kowane mai zane da al'adar ƙabilarsa ba. Abin da idonsa ya gani a Arewa ya zana: makaɗin Bahaushe, mahayan Fulani, jerin gwanon hawa. Ya shimfiɗe launi, ya karya riga da rawani zuwa kusurwoyi, har doki ya zama motsi kawai. Bayarabe ne ya zana mu haka, kuma a ganina ya fi sauran kama yadda Arewa take a farkon shekarun 1960, sarauta tana nan da ƙarfinta amma ƙasa tana juyawa a ƙarƙashinta. Ya rasu a 2023, kuma a cikin matasan da nake zama da su a nan ban sami wanda ya taɓa jin sunansa ba.

Sannan akwai magina masu shafe na cikin birnin Zariya, waɗanda ba a sa su a wannan lissafi. A daidai waɗannan shekaru suna zana keke da mota da agogo a jikin zaure, kusa da dagi, don mai gida ya nuna ya shigo zamani. Ba su je kwaleji ba, ba su sa hannu a ƙasan aiki ba, kuma damina da siminti sun cinye yawancin bangayen.