Hilin Gado a Tsarnawa

Shekara 18 malamin ya yi yana haya a Birnin Ƙwanni, kuma abin da ya tara bai kai kuɗin gida a cikin gari ba. Sai ya karkata zuwa Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da titin Maraɗi.

Dillali ya fara da bakin titi. Da rana wurin ba laifi, amma daren da malamin ya kwana a can, motocin simintin Malbaza sun hana shi runtsawa. Fili na biyu yana gangare, arharsa ta yi yawa. Wata tsohuwa mai sayar da albasa ta nuna masa shatin ruwan bara a katanga, daidai gwiwa.

Na uku, a bayan gari, shi ya kwanta masa a rai. Yana auna shi da taki sai maƙwabci ya leƙo: “Malam, hilin ga na gado na, magada shidda.” Dillali bai ambaci gado ba. Malamin, wanda kullum yake gyara wa ɗalibai “hili” zuwa “fili”, yau bai gyara ba. Ya mayar da kafin alƙalami aljihu, ya tambayi gidan babban wansu.