Ranar da Dutsen Nakpanduri Ya Auna Ni

Mu mutanen Tishigu ba mu san tudu ba. Tamale shimfiɗe take kamar faifai, daga gida zuwa shago babur ne, daga shago zuwa gida babur ne. Sai da na haura shekara 50 na san abin da zaman shago ya yi wa ƙafafuna.

Muna dawowa ne daga Garu da buhunan albasa, ni da ɗana, motar ta mutu a gindin dutsen Gambaga, ƙasa da Nakpanduri. Direba ya ce sai an kawo makaniki daga sama. Albasa ba ta jiran kowa a cikin rana, jarina kuma duk yana cikinta. Na ce mu hau da ƙafa.

Da hantsi muka fara. Hanyar tana nannaɗe dutsen kamar rawani, kowace kwana ka ɗauka ita ce ta ƙarshe. Tun ba mu yi rabi ba ruwanmu ya ƙare, gwiwa ta fara rawa, zuciya na dukan uku-uku. Yaron ya ce, "Baba, ka zauna, ni in je." Na ƙi, don girman kai. Sai ga wata tsohuwa da dammin itace a ka ta wuce mu, ba ta sauri, ba ta tsayawa. Na bi takunta, ƙanana-ƙanana, numfashi ya daidaita.

Bayan azahar muka kai tsohon gidan saukar baƙi na gwamnati da ke bakin gangaren. Na zauna a inuwa, na dubi ƙasa: daji har iyakar ganin ido, motarmu kamar akwatin ashana. Nan na tuna fatake. Kafin Turawan Ingila su ci Kumasi a 1874, kasuwar goro tana Salaga, kakanninmu kuwa daga Kano suke tasowa da jakai, su yi watanni a hanya, wasu ayarin su yada zango a Gambaga. Ni rabin yini ya kusa kayar da ni.

Makaniki ya sauka a babur, albasa ta tsira, muka biyo ta Nalerigu da Walewale zuwa gida cikin dare.

'Yan'uwa, in hanya ta kai ku can, ku tashi da sassafe, ku riƙe ruwa da yawa, mai hawan jini ya fara ganin likita. Ni dai yanzu da ƙafa nake zuwa kasuwa, babur na yaron ne.